Yadda Na Yi Jigilar Kabad ɗin Tibet Daga Katmandu Zuwa Kano

Na yi shekara biyu ina aikin samar da ruwan sha a ƙasar Nepal, daga ƙarshen 2017 zuwa ƙarshen 2019, a ƙarƙashin wata ƙungiyar agaji da ta shiga gyaran ƙauyuka bayan girgizar ƙasar watan Afrilun 2015. Tun da na dawo gida, da wuya baƙo ya shiga falona bai tsaya a gaban wani jan kabad mai zanen furanni ya tambayi inda na samo shi ba, kuma kwanan nan wasu 'yan'uwa biyu da aiki ya kai su can suka rubuto suna neman in faɗa musu hanyar da na bi. Amsar ta fi ƙarfin saƙon waya, shi ya sa na zauna na rubuta ta daki-daki, domin wahalar da na sha ba ta da wani dalili sai rashin sanin abin da ya kamata a fara yi kafin a ciro kuɗi daga aljihu.

Unguwar Boudha, a gabashin Katmandu, babban birnin Nepal, ita ce matattarar mutanen Tibet da suka tsallako duwatsun Himalaya tun daga 1959, kuma shagunan da suka kewaye babbar hasumiyar ibadar da ke tsakiyarta cike suke da kayan ƙasarsu. A bayan wani shago, ƙarƙashin tarin dardumai, na fara ganin abin da ya ɗauke mini hankali. Kabad ne da tsayinsa bai wuce ƙirjina ba, fuskarsa a rarrabe gida-gida, kowane gida da zanen furen da ya cika shi, ja da kore da ruwan zinare, duk sun dushe a ƙarƙashin wani baƙin maiƙo kamar bangon madafar da ta shekara talatin ana girki. Da mai shagon ya buɗe ƙofar sai wani wari ya bugi hancina, warin hayaƙi da tsohon man shanu. Nan take na tuna da adakar mahaifiyata, wadda aka kai ta ɗaki da ita, mai zanen kore da ja, wadda har yau take ƙarƙashin gadonta. Mai shagon ya lura da fuskata, ya ce kayan wani gidan sufaye ne a yankin tsakiyar Tibet, kuma ya haura shekara ɗari da hamsin. Kowace shekara da ya ƙara a bakinsa, farashi na hawa da ita, ni kuwa ina jin daɗi.

Allah Ya taimake ni ban yi ciniki a ranar ba. Bayan sallar Juma'a a babban masallacin da ke kusa da hasumiyar agogo, na ba wani abokina labari, ɗaya daga cikin Musulmin Tibet da ake kira Khace, waɗanda iyayensu suka taso daga Lasa, babban birnin Tibet. Shi ya haɗa ni da wani dattijo mai gyaran tsofaffin kayan katako, wanda kowa ke kira Pala, wato baba, ni ma na bi sahu. A wurin dattijon nan na koyi cewa kowane kaya da sunansa da aikinsa. Kabad irin wanda na gani shi ne chagam, akwati kuwa gam, ɗan gajeren teburin da ake naɗewa a ɗauka shi ne choktse. Akwai kuma torgam, kabad ɗin da ake ajiye wainar hadaya ta garin sha'ir da man shanu a ɗakin ibada, wanda ake zana wa fuskoki masu ban tsoro da ƙoƙon kawunan mutane. Pala ya dube ni ya yi murmushi, ya ce ya san wannan ba zai shiga gidan Musulmi ba, gara in tsaya a kan masu furanni da zanen da aka kwaikwayo daga alharinin Sin. Ya bayyana mini cewa itace yana da tsada a tudun Tibet saboda yawancinsa fili ne fetal, sai an ɗauko shi daga dazuzzukan gabas da kudu maso gabas, kuma galibi itace ne mai taushi da ba shi da wani kyan gani, don haka darajar kayan tana cikin fentinsu. Akan shafe katakon da alli da aka dama da mannen fata, wani lokaci a manna masa ƙyalle tukuna, sannan a yi zanen da launukan da aka niƙa daga duwatsu. Inda zanen ya yi tudu-tudu kamar an ɗiga shi da tsinke, wannan aikin sunansa kyungbur. Baƙin da ya rufe komai kuwa kunkunniyar fitilun man shanu ce da turaren itace da hayaƙin murhu.

Na roƙi Pala ya raka ni shagon. Bai kula da fuskar kabad ɗin ba sam, sai ya sa aka juyo bayansa, ya shafa allunan da tafin hannu yana neman sawun gizago. Ya ɗaga ƙofa ɗaya ya nuna mini cewa babu ƙarfe ko ɗaya da ke riƙe da ita, a kan ɗan turken katako take juyawa sama da ƙasa, kuma turken ya cinye ramin da yake ciki har ya zama kamar bakin tsohon turmi. Ya haska tocila cikin tsagar fentin, ya ce baƙin ya shiga har ƙasa, ba shafa shi aka yi a sama da man takalmi ba, kamar yadda masu tsufar da sabon kaya suke yi. Da muka fito ya ce da ni, da ɗan Turancinsa, wannan na gaske ne, na ƙarni na 19. Abin da ban tambaye shi ba, shi ma bai ga dalilin faɗa mini ba tunda aikinsa gyara ne ba fitar da kaya ba, shi ne ko za a bar ni in fita da shi daga ƙasar. Washegari na koma, mai shagon ya sa dala 2,500, na taya 1,200, muka yi ta ja har ya sallama a 1,800. Na ba da kafin alƙalami na dala 500, aka rubuta mini rasit a wata 'yar takarda da ba ta ce komai ba game da mayar da kuɗi idan ciniki ya warware. Wannan shi ne babban kuskurena, kuma duk abin da ya biyo baya daga nan ya samo asali.

Sai da na je wurin wani kamfanin jigilar kaya neman farashi, ma'aikacin ya dubi hoton a wayata ya tambaye ni takardar Sashen Binciken Kayan Tarihi. Na ce wace takarda? Ya bayyana mini cewa dokar kare kayan tarihi ta Nepal, wadda aka kafa tun 1956, ta hana fitar da abin da ya haura shekara ɗari, kuma duk abin da ya yi kama da tsohon kaya, ko da jiya aka sassaƙa shi, sai jami'an sashen sun duba shi sun ba da shaida kafin kwastan su bar shi ya wuce. Gabana ya faɗi, domin shekarun da na biya kuɗi a kansu su ne yanzu suka zame mini katanga. Na koma shagon a fusace. Mai shagon ko a jikinsa, ya zuba mini shayi ya ce wannan ƙaramin abu ne, zai rubuta sabon rasit cewa kayan sabo ne, a shafe fuskarsa da wani fenti mai wankuwa, a cusa shi tsakanin dardumai. Ban ɓoye ba, na ɗan yi shiru ina auna maganar. Abin da ya tsayar da ni, ban da tsoron a kama baƙo da laifin fasa-ƙwauri a ƙasar da ba tasa ba, shi ne tunanin bakina da kaina, domin ina cikin masu ɗaga murya a duk lokacin da aka yi zancen gumakan Nok da tagullar Benin da ke zaune a gidajen tarihin Turai. Na ce masa mu kai kabad ɗin yadda yake, abin da hukuma ta yanke shi ke nan.

Ofishin yana kan titin Ramshah Path, a harabar da ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa take. Zuwana na farko da hotuna kawai na je, ina tsammanin za su wadatar, aka gaya mini cikin ladabi cewa ba a yanke hukunci a kan hoto, sai an ga kayan ido da ido, tare da takardar neman izini, da rasit ɗin shago, da kwafin fasfo, da hotunan kayan. Bayan kwana biyu na ɗauki hayar 'yar ƙaramar motar kaya da 'yan dako biyu a kan rufi 3,000 na kuɗin Nepal, muka ratsa cunkoson gari muka sauke kabad ɗin a farfajiya. Na tarar da layin 'yan kasuwa riƙe da gumakan tagulla da zanen ƙyalle, yawancinsu sabbin kaya ne, ana dubawa ana sallamarsu cikin 'yan mintoci. Da aka zo kaina sai abin ya canza. Jami'ai biyu suka fito, ɗaya ya tsuguna ya yi daidai abin da Pala ya yi, ya juya bayan, ya duba turakun ƙofa, ya shinshina cikin. Suka kira na uku, suka yi magana da harshensu, ina tsaye ina sauraron sautin da ban fahimta ba amma na riga na gane ma'anarsa. Babban cikinsu ya ce da ni kayan ya haura shekara ɗari, ba za a ba shi takardar fita ba. Ba a ƙwace shi ba, ba a tsawata mini ba, har ma ya ce idona ya iya zaɓe. Muka sake loda shi a mota, na biya 'yan dako kuɗin komawa, na zauna a gaba kusa da direba ban ce uffan ba har Boudha.

Karɓo dala 500 ɗina ya ci mini mako biyu, kuma a ƙarshe ban karɓo su a matsayin kuɗi ba. Mai shagon ya kafe cewa shi bai yi ƙarya ba, tsoho ya ce kuma tsoho hukuma ta tabbatar, kuma in an bi ta barauniyar hanya da tuni kaya ya yi nisa. Da abokina na masallaci da Pala suka shiga tsakani, aka daidaita a kan in ɗauki wani kayan a madadin kuɗin. Nan ne Pala ya kai ni wani ɗakin aiki a bayan gari, inda ake haɗa sabbin kabad da katakon tsofaffin gidaje, a yi musu zane da hannu. Na yi yini guda ina kallon wani saurayi yana matse allin da aka dama daga wata 'yar jaka mai tsinin baki, yana fitar da ganyen fure ɗaya bayan ɗaya ba tare da hannunsa ya yi rawa ba, kamar mai yi wa amarya lalle. Na ce a yi mini irin wancan na shagon, amma kada a shafa masa baƙin tsufa na ƙarya, a bar launinsa ya fito. Suka yi mamaki, domin yawancin masu saye baƙin suke so. An gama shi cikin mako biyar a kan dala 650. Kuɗin da ke hannun mai shagon kuwa na karɓi akwatin makiyaya da su. Irin wannan akwati ba shi da ƙyale-ƙyalen na gidajen sufaye, katako ne marar nauyi da aka lulluɓe da fata, aka ɗaure kusurwoyinsa da ƙarfe, gindinsa ya fi samansa faɗi, kuma bibbiyu ake yin su domin a rataya su hagu da dama a bayan yak, wato shanun nan nasu masu dogon gashi, ranar da za a tashi daga mashekari. Duk wanda ya taɓa ganin Fulani sun ɗaure kaya a kan takarkari zai gane hikimar. Wanda ya fi burge ni yana da ƙyallen fatar damisa a gabansa, amma ma'aikacin kamfanin jigila ya gargaɗe ni cewa fatar damisa tana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta kare namun daji, kuma za ta iya jawo mini abin da ya fi na farko muni a kowace tashar da kayan ya bi. Na ɗauki na fata zalla, wanda Pala ya ƙiyasta bai wuce shekara sittin ba.

A wannan karon na ce ba zan cika kuɗin kabad ba sai takarda ta fito, aka kuma rubuta haka a rasit. Sai dai na manta da kalanda. Bikin Dashain, wanda shi ne babbar sallarsu, ya faɗo a farkon Oktoban 2019, ofisoshi suka rufe, masu aikin katako da 'yan dako duk suka tafi ƙauyukansu, Katmandu ta zama kamar Kano ranar da aka tafi hawan Sallah a wani gari. Na yi kwana goma ina ƙirga ranakun da suka rage mini a biza. Da aka dawo aiki na sake ɗaukar mota zuwa Ramshah Path. Kabad ɗin bai ɗauki minti biyar ba, akwatin ne aka ɗan juya aka duba ɗinkin fatarsa da ƙusoshinsa, sannan aka amince da duka biyun. Kuɗin takardar bai taka kara ya karya ba, hayar mota ta ninka shi sau da yawa. Aka sa wa kayan tambari, aka ba ni shaida mai ɗauke da shekarar 2076, kada wanda ya gani ya ɗauka kuskure ne, kalandarsu ta Bikram Sambat ce da ke gaban ta Turawa da kusan shekara 57. Na yi wa takardar kwafi biyar, kuma kowanne ya yi amfani.

Saura jigila. Nepal ba ta da teku, don haka zaɓi biyu ne, ko jirgin sama daga filin Tribhuvan, ko mota zuwa Birgunj a kan iyaka, a tsallaka Indiya zuwa tashar Kolkata, daga nan a shiga jirgin ruwa. Farashin jirgin sama ya kusa ninka kuɗin kayan sau uku, domin girman akwatin ake aunawa ba nauyinsa kaɗai ba, saboda haka na zaɓi ruwa, aka haɗa kayana da na wasu a kwantena ɗaya. An yi wa kabad da akwatin feshin maganin ƙwari aka ba ni shaidarsa, sannan aka ƙera musu akwatin katako wanda dole ya ɗauki tambarin da ke nuna an gasa katakon ko an yi masa hayaƙin magani, bisa ƙa'idar ISPM 15 da ƙasashe suke bi. Na tsaya a kansu har aka naɗe fuskar fentin da takarda mai laushi kafin a sa leda, domin Pala ya ce leda in ta manne wa fenti a cikin zafin kwantena, tare za su ɓare. Ɗauri da feshi da jigila har Legas sun tashi dala 900. Na bar Katmandu a Nuwamba, kayan kuma suka bi ta tashar Kolombo da ke Sri Lanka aka sauya musu jirgi, ba su iso ba sai ƙarshen Janairun 2020.

A Legas na gamu da kuskurena na biyu. Ma'aikacin kamfanin jigila ya rubuta sunana a takardar lodin jirgi da harafi ɗaya da ya saɓa wa na fasfo, ni kuma na sa hannu a Katmandu ban karanta ba. Gyaran wannan harafi sai da ya koma ofishin da ya fitar da takardar, ya ci kwana tara, kuma kowace rana kuɗin ajiya na hawa. Abin da ya sauƙaƙa mini shi ne na shigo da kayan a matsayin kayan gida na wanda ya zauna a waje fiye da wata tara, ba kayan sayarwa ba, don haka na gabatar da fasfo mai tambarin shiga da fita, da takardar kammala aiki, da jerin kayan, da takardar da ake cikewa ta kayan da ba su zo tare da mai su ba. An buɗe akwatin a gabana, jami'an kwastan suka duba, masu kula da shigowar tsirrai da katako suka nemi shaidar feshi na miƙa. Ejan ɗin da na ɗauka ya faɗi kuɗi ɗaya a waya, da aka zo biya sai ga ƙananan abubuwa sun tsiro masa kamar ciyawar damina, kuma tunda ban sa ya rubuta tun farko ba, ba ni da bakin musu. Daga nan na sa kayan a motar wani ɗan'uwa mai ɗauko kaya zuwa Arewa, suka kwana uku a hanya.

Na ɗauka an gama, ashe hunturu na jira. Katakon da ya saba da danshin Katmandu, ya kuma yi wata biyu a kan teku, sai ga shi a Kano cikin Fabrairu. A dare na huɗu muna kwance muka ji ƙara kamar an karya kara, da safe na tarar allon gefe ɗaya ya tsage, tsawon tafin hannu. Na kira kafintan unguwarmu, ya duba ya ce, “Alhaji, wannan ai sai a cika shi da gam a buga ƙusa, a bi shi da banish ya yi ƙyalli.” Na gode masa na sallame shi, na aika wa Pala hoto ta hannun abokina. Amsar da ta dawo ita ce kada a sa ƙusa, kada a shafa komai, allunan a cikin tsagi suke zaune domin su motsa, a janye kabad ɗin daga taga da rana, a ajiye kwanon ruwa a cikinsa har iska ta sauya. Haka na yi, kuma da damina ta sauka tsagar ta haɗe har sai an nuna wa mutum.

Ga wanda zai bi wannan hanya, abin da zan ce ya fara riƙewa shi ne tambayar shekarun kaya tana da fuska biyu, a shago tana ƙara kuɗi, a ofis tana hana fita, don haka duk mai shagon da ya rantse kayansa ya haura shekara ɗari, ko dai ƙarya yake yi ko kuwa yana sayar maka da abin da ba za ka iya ɗauka ba. A fara zuwa wurin kamfanin jigila da hoto kafin a yi ciniki, kada a ba da kafin alƙalami sai an rubuta cewa za a mayar da shi idan takarda ba ta fito ba, kuma a bar mai shago ya kai kayan ofis da kansa in zai yiwu. Wanda yake tunanin zai kauce ta hanyar saye a Lasa ko Chengdu ya sani cewa Sin ma tana da nata dokokin, kuma ta hana fitar da kayan tarihin da suka girmi 1911. A nisanci duk abin da ke da fatar dabbar daji. A duba kalandar bukukuwa, a bar wa aikin aƙalla wata biyu kafin ranar tafiya, a karanta kowane harafi na takardar lodi, a sa ejan ya rubuta kuɗinsa. In da hali kuma a daidaita lokaci kayan su iso Arewa da damina. A lissafina, abin da na kashe a hanya ya zarce kuɗin kayan kansu, kuma da na san haka tun farko da wataƙila ɗan teburin nan mai naɗewa zan saya in sa a jakata.

Ranar da Hajiya mahaifiyata ta zo ganin kayan, ta wuce kabad ɗin da kowa ke yabawa ba ta ko tsaya ba, ta tsuguna gaban akwatin makiyayan, ta ɗaga murfin ta sa kai ta shinshina. Ta ce, “Wannan mai shi ta sha hayaƙi, Allah Ya jiƙan mata.” Na ce mata ai ba a san ko mace ce ba. Ta nuna mini wani lungu a ciki inda katakon ya yi santsi ya yi duhu, daidai inda hannu ke shiga neman abin da aka ɓoye a ƙasan tufafi, ta ce adakarta ma a nan ta cinye. Yanzu a cikinsa take ajiye turarenta na wuta duk lokacin da ta zo kwana biyu, kuma har yau warin man shanun bai bar shi ba.